Ƙwaya Tarar da Ciwon Ta Yi

Assalamu alaikum. Sunana ba zai ƙara muku komai ba, don haka na bar shi. A Agege nake kwana, a kasuwar Mile 12 nake neman abinci, kuma tun 2012 nake Ikko. A layinmu suna biyu aka san ni da shi. Da can ɗan ƙwaya ake ce mini. Yanzu kuma, in an ga na ba da baya, sai a ce wanda ya je Yaba, wato asibitin ƙwaƙwalwa. Duk biyun gaskiya ne, ba na musu. Abin da mutane ba su sani ba, ni ma na yi shekaru ban sani ba, shi ne wanne ya riga wanne.

Ina da shekara goma sha bakwai abin ya fara taɓa ni, a ƙauyenmu can wajen Haɗeja. Lokacin ko sigari ban taɓa sa wa a baki ba. Damina ce, ana noman farko. Haka kawai barci ya ƙaurace mini. Ba irin rashin barcin mai damuwa ba da zai yi ta juyi a tabarma, ni daɗi nake ji. Sai in saɓi fartanya tsakar dare in tafi gona a farin wata, in nome tamu, in tsallaka ta maƙwabci in nome masa ba tare da ya sa ni ba. Da safe in dawo ina zuba kamar kanya, ina gaya wa Inna irin gidan sama da zan gina mata. Tsofaffi suka yi ta sa mini albarka, wai yaro ya gaji ubansa wajen zuciyar nema. Kwana goma sha wani abu ina haka. Sai aka wayi gari kamar an zare mini laka. Na shiga ɗaki na kwanta, wata uku ban ƙara taka gona ba. Tuwo sai an yi da gaske nake ci, wanka sai Inna ta yi hawaye. Aka ce iska ce na gamu da ita a gonar dare. Aka yi rubutu, aka yi turare, daga baya abin ya sake ni don kansa. Aka ce an dace, aka manta.

Na shigo Legas a saman motar tumatir, kwana biyu muna hanya. Aikin da ɗan cirani ke fara samu a Mile 12 shi ne dako, shi na kama. Wanda bai taɓa sauke tirelar albasa ba ba zai gane ba. Motoci da dare suke shigowa, kafin assalatu an fara sauke kaya, buhu a wuya, ƙafa cikin caɓi, dillali yana ihu a kanka, mai saye tana zaginka da Yarabanci. In rana ta take sai ka nemi gefen rumfa ka shimfiɗa kwali. Shekarar farko lafiya lau na yi ta, har na aika wa Inna kuɗin akuya biyu.

A shekara ta biyu duhun nan ya dawo. Amma a Ikko babu ɗakin da za ka shiga ka kwanta wata uku, babu uwar da za ta kawo maka fura. In ba ka ɗauki kaya ba, ba ka ci ba. Wata asuba ina zaune a teburin mai shayi, kofin yana hannuna ya huce ban kurɓa ba, wani babba a cikin 'yan dako ya dube ni ya ce, "Kai yaro, jikinka ne ya mutu. Ungo nan." Ya ɓallo 'yar ƙwaya ɗaya daga kati ya jefa mini a shayin, ya juya da cokali. Na sha.

A nan nake so a saurare ni, don nan ne mutane ba sa fahimta. Ban yi maye ba. Ban yi tangaɗi ba, ban ga wani abu yana yawo ba. Abin da ya faru shi ne, dutsen da ya yi wata guda a kan ƙirjina aka ɗaga shi. Kafin rana ta fito na sauke buhu ashirin, na yi dariya da mutane, na ji ɗanɗanon burodi a bakina. Na yi sallar azahar ina gode wa Allah da ya haɗa ni da magani. Wallahi magani na ɗauke shi. Wa zai ce wa mai ƙishirwa kada ya sha ruwan da ya gani?

Tiramol ke nan. Daga ɗaya sai biyu, daga mai lamba 100 sai mai lamba 225, wadda na ji daga baya cewa hukuma ba ta ma yarda a shigo da ita ba, 50 da 100 kaɗai aka amince da su, su ma sai likita ya rubuta. Mu kuwa a tire muke saye, kusa da goro da alewa.

Matsalar ita ce ciwona fuska biyu gare shi. In duhu ya zo, tiramol tana ɗaga ni. In kuma hawan ya zo, irin na gonar dare, sai ta zama fetur a kan wuta. In kwana huɗu ban runtsa ba, in yi faɗa da mutum uku kafin la'asar, in kyautar da cinikin yini ga almajirai. Don in samu barci sai na koyi kodin, maganin tarin nan da ake juyewa a kwalbar lemo. Da safe abin tashi, da dare abin kwanciya. Ni ne likitan kaina, ni ne kemis ɗin kaina.

A watan Maris na 2016 aka yi rikicin Mile 12, aka rasa rayuka, aka ƙona dukiya, gwamnati ta rufe kasuwar na wani lokaci. Na gudo Agege wajen Baffa, ƙanin mahaifina, wanda yake da shagon hatsi. Shi ya tsaya mini na karɓi babur na biya sannu a hankali, na zama ɗan acaba, ko okada kamar yadda ake faɗa a nan. Shi ne kuma ya matsa aka yi mini aure a gida a 2017, da tunanin iyali za su natsar da ni. Allah ya saka wa yarinyar nan da alheri. Ba ta san abin da ta aura ba, ni ma ban san abin da na kai mata ba.

Da gwamnati ta hana kodin a watan Mayun 2018, bayan binciken nan na BBC da ya girgiza ƙasa, a majalisarmu cewa aka yi shi ke nan an huta. Ba a huta ba. Kwalba ta yi tsada, sai na koma roci, wata ƙwayar sa barci. An gudu daga gara an faɗa gidan zago.

Kafin babbar Sallar 2019 hawan da ya fi kowane ya zo. Na tashi da tabbacin cewa Allah ya nufe ni da zama babban dillalin raguna na Legas duka. Na sayar da babur ɗin da ban gama biya ba, na kwashi kuɗin adashen da aka ba ni amana, na tafi Alaba Rago na sayi raguna biyar. Uku na kyautar a hanya, ga mutanen da ban sani ba. Ina tsaye bakin titi riƙe da igiyar sauran biyun ina yi wa direbobin danfo wa'azi, sai farfaɗiya ta kayar da ni. Na farka da harshe a tsage, riga duk jini, raguna sun yi nasu wuri. Ban san tiramol tana kawo farfaɗiya ba sai daga baya.

Baffa ya kai bango. Ya kama ni da mutum biyu aka sa ni a mota zuwa Arewa, wani gidan malam da ake kai kangararru. Ba zan faɗi garin ba. Mari aka sa mini a ƙafa, har yau tabon yana nan a idon sawuna na hagu. Akwai karatu, akwai bulala, akwai kunu sau ɗaya a yini. Ƙwaya kam ta fita daga jikina, don babu inda zan same ta. A cikin Satumba na shekarar labari ya ɓulla cewa 'yan sanda sun fasa wani gida irinsa a Rigasa ta Kaduna, sun fito da ɗaruruwan mutane da sarƙa a ƙafa. Da Baffa ya ji a rediyo hankalinsa ya tashi, ya aiko aka karɓo ni. Ban riƙe shi a zuci ba. Abin da ya sani ke nan, kuma da kuɗinsa ya yi.

Na dawo Agege tas, ba ƙwaya ko ɗaya a jinina, kowa yana barka. Wata huɗu na yi haka. Wani bawan Allah ya ba ni haya ta babur, na fara biyan bashin adashe. Sai ga dokar hana okada ta Fabrairun 2020 ta rufe mana Ikeja da Apapa da sauran wuraren da ake samun kuɗi, kafin mu farfaɗo kuma sai kullen korona a ƙarshen Maris. Duhun ya sauko mini irin wanda ban taɓa gani ba. Ina kwance a ɗaki, 'yata tana rarrafe tana hawa kaina, ba na jin komai game da ita, ko so ko ƙi. Wannan ya fi bulalar malam ciwo. Wani tunani ya riƙa zuwa mini cewa da babu ni da sun fi hutawa, har na fara jin tsoron zama ni kaɗai. Ranar da na lallaɓa na nemo tiramol, ba daɗi na je nema ba. Gudun wannan tunanin nake yi.

Sau ɗaya kuma aka sake gwadawa, a 2021, lokacin da Buba Marwa ya karɓi NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, aka matsa kame, mutumin nan da ya taɓa mulkin Legas har keke mai ƙafa uku ya ci sunansa. An kama abokaina biyu, Baffa ya tsorata, ya haɗa kuɗi da ƙyar ya kai ni wata cibiya mai zaman kanta a bayan gari. Wata uku. Ba duka, ba mari, akwai abinci, akwai nasiha safe da yamma. Amma tambayarsu ɗaya ce kullum: me kake sha, nawa kake sha, ka yi nadama? Babu wanda ya taɓa tambayata me ya sa. Na fito da takardar shaida, na koma ruwa kafin wata biyu. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Daga nan ne mai ɗakina ta kwashe kayanta ta koma gida, kuma ban ga laifinta ba.

A 2022 wani hawan ya sake zuwa, na fasa gilashin shagon Baffa da hannuna saboda ya hana ni jarin da zan sayi jirgin ruwa. Wani maƙwabcinmu Bayarabe, tsohon ma'aikacin gwamnati, shi ya ce wa Baffa, "Alhaji, wannan yaro ba iskanci ba ne. Ku kai shi Yaba." Duk wanda ya zauna Legas ya san abin da Yaba take nufi a bakin mutane. Asibitin ƙwaƙwalwa ne na gwamnatin tarayya, amma sunan ya zama zagi, yara ma suna tsokanar juna da shi. Baffa ya kwana biyu yana juya maganar. Ya ce gara a ce ɗansa ɗan ƙwaya ne da a ce mahaukaci, don ɗan ƙwaya yana tuba a ba shi mata, mahaukaci kuwa har jikokinsa sai an yi musu gori. A rana ta uku ya kira tasi.

Satin farko ba na iya tuna shi sosai. An ɗauki fitsarina an gwada, aka ga abin da aka gani. Abin da nake tunawa shi ne fitar ƙwayar: hamma ba ƙaƙƙautawa, majina, gudawa, zufa cikin sanyi, ƙasusuwa kamar ana sara, ƙafafu sun ƙi tsayawa wuri ɗaya. Na san wannan azabar, na sha ta sau biyu a baya, sai dai wannan karon akwai masu duba ni suna rage mini ita da magani.

Wata nas ce Allah ya haɗa ni da ita, Bayarabiya amma haihuwar Kano, Hausarta ta fi ta wasunmu. Ita take yi mana tafinta, don Turancina na kasuwa ne, ya isa ciniki amma bai isa ciwo ba. A sati na uku likita ya zaunar da ni, Baffa yana gefe. Na shirya amsar da na saba bayarwa, ta nawa nake sha da nadamar da na yi. Sai ya yi wata tambayar daban. Nas ta juyo ta ce, "Malam, likita ya ce ka ajiye maganar ƙwaya tukuna. Kafin ka san tiramol, yaya barcinka yake? An taɓa yin lokacin da ka kwana da yawa ba barci, kuma ba ka gaji ba?"

Na yi shiru. Shekara goma sha biyu ba wanda ya tayar mini da maganar gonar dare, ni kaina na binne ta. Na fara ba shi labari, yana rubutu, yana tsayar da ni. Kwana nawa? Ka kashe kuɗi a lokacin? Bayan nan me ya biyo? Da na zo kan wata ukun da na yi a ɗaki, na rasa kalmar da zan faɗa. Na ce damuwa. Nas ta girgiza kai ta ce, "Damuwa ai kowa yana yi, ko ni yau da ita na fito. Faɗi yadda kake ji a jikinka." Na ce kamar an binne ni da rai, ina jin mutane suna tafiya a sama. Ta fassara masa haka, ya ajiye biro ya dube ni.

Sai ya juya wajen Baffa ya tambaya ko akwai mai irin wannan a dangi. Baffa ya ce babu. Likita bai ja ba, ya ci gaba da rubutu. Can sai Baffa ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya ce, "To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Ya ce mahaifina, wanda ya rasu ina shekara shida, duk bayan shekara biyu ko uku yakan tashi ya sayar da hatsin rumbu ya shiga duniya, sai a tsinto shi a wata kasuwa yana rabon kuɗi. In an dawo da shi kuma ya rufe kansa a ɗaki har kaka ta wuce. Sun ɓoye mini don kada in taso da abin a raina. Na dubi Baffa, mutumin da ya kai ni aka sa mini mari, na ga hawaye yana bin gemunsa.

Ko da hakan likita bai yi saurin yanke hukunci ba. Ya ce ƙwaya da kanta tana iya kwaikwayon kowane irin ciwon ƙwaƙwalwa, don haka sai ta bar jiki an ga abin da ya rage. Na ga gaskiyar wannan da idona a ɗakin da aka kwantar da mu. Akwai wani ɗalibi a gado na kusa da ni, wiwi mai ƙarfi ta birkita shi, yana jin muryoyi suna zaginsa daga fanka. Bayan sati uku muryoyin suka yi shiru, aka sallame shi da gargaɗi. Akwai wani kuma da ya shigo da irin wannan, wiwi ta fita amma muryoyin suka zauna daram. Akwai dattijo direban babbar mota da ya kama giya tun rasuwar matarsa, shi da kansa bai san ko baƙin cikin ne yake sa shi sha ba ko shan ne yake ƙara masa baƙin cikin. A takarda duk sunanmu ɗaya, masu shaye-shaye. A gado kuwa kowa da abin da ya kawo shi.

Nawa aka ce sunansa baifola, ciwon da yake hawa da mutum sama ya kuma sauko da shi ƙasa. Yana bin jini a wasu gidaje, kuma yawanci a ƙuruciya yake fara nuna kansa. Likita ya ce ba tiramol ce ta haifar mini da shi ba, tarar da shi ta yi, amma ta ƙara masa kaifi ta kuma kusanto da zuwansa. Ya ce yanzu cuta biyu gare ni, kowace tana ciyar da 'yar'uwarta, in aka yi maganin ɗaya aka bar ɗaya, wadda aka bari za ta jawo wadda aka kora. Aka ɗora ni a kan sodiyam balfurowet da olanzafin, aka kuma sa ni cikin zaman tattaunawa na masu barin ƙwaya. A wajen zaman ne wata ma'aikaciya ta gaya mana cewa binciken da aka yi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka sha ƙwaya a Najeriya cikin shekara guda. Na zauna ina lissafi a raina, a cikin waɗannan miliyoyin, nawa ne irina da suke kashe wata wutar da ba wanda ya gani?

Kada wani ya ɗauka ina wanke kaina ne. Kuɗin adashen mutane ni na ci, ba ciwo ba ne zai biya, kuma sai bara na gama biya. Na kuma san waɗanda lafiyarsu ƙalau suka shiga ƙwaya don abokai ko don ƙarfin aiki. Ina faɗin nawa ne kawai.

Bayan wata biyu aka sallame ni. Da a fim ne da nan labarin zai ƙare. Olanzafin ya sa ni ƙiba da nauyin jiki, in na sha da dare sai sallar asuba ta nemi kuɓuce mini. A majalisa aka fara cewa ai ƙwaya ce na canja, na bar ta tire na koma ta asibiti. Wani dattijo a masallaci ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, ka warke, ka dogara ga Allah ka bar turawan nan." Ga shi a 2023 an cire tallafin mai, naira ta faɗi, kuɗin maganin wata ya kusa ninkawa. Duk suka haɗu, na daina sha ban gaya wa kowa ba. Sati shida lafiya lau, har ina cewa dattijon ya yi gaskiya. A na bakwai duhu ya leƙo. A na takwas na tsinci kaina a gaban mai tire.

Mai ɗakina ce ta gane, don lokacin ta dawo. Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauko katin asibitin daga ƙarƙashin katifa ta ajiye a kan tiren abincina, ta koma kicin. Washegari muka hau mota tare. Ina jin kunyar haɗa ido da likita, na zaci zai kore ni. Cewa ya yi komawa ruwa wani ɓangare ne na ciwon, abin da ya fi ba shi tsoro shi ne wanda ya koma bai dawo ba. Ya rage mini olanzafin, ya matso da lokacin shansa zuwa bayan magariba, ya rubuta mini samfurin da ya fi araha. Da azumi ya gabato ma shi ya tsara mini yadda zan raba maganin tsakanin buɗa-baki da sahur. Limaminmu kuma, da na kai masa maganar dattijon, ya karanto mini hadisin da yake cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, ya ce in ci gaba da addu'a in ci gaba da ƙwayar likita, babu wadda take korar wata.

Na ji a rediyo cewa a Janairun 2023 shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 da aka gada daga Turawa. Madalla. Amma a layinmu har gobe in yaro ya birkice, mari ake fara tunawa kafin likita.

Yanzu na koma Mile 12, ba dako ba, ina da 'yar rumfar albasa da Baffa ya kafa mini. Kuɗin ciniki ba ya kwana a hannuna, wajen mai ɗakina yake kwana, ni na roƙi a yi haka. Ita ce kuma mai lissafin barcina. Muna da yarjejeniya: in na yi dare biyu a jere ban yi barcin kirki ba, ko ta ji na fara maganar buɗe reshe a Kwatano, ba gardama, sai asibiti. Sau ɗaya hakan ta faru, aka gyara magani, na dawo gida a ranar. Sha'awar tiramol ba ta mutu ba. Teburin mai shayin nan yana nan inda yake, nakan zaga ta layin masu barkono don kada in bi ta gabansa da asuba.

Daren Talatar da ta wuce Inna ta kira ni. Ni ne ɗan farinta, ba ta faɗin sunana, sai dai ta ce "kai". Muka gaisa, ta tambayi jikokinta, ta yi shiru har na zaci layin ya yanke. Sai ta ce, "Kai, autan nan ne. Yau kwana huɗu bai kwanta ba. Jiya da dare a gona aka samo shi."  Ta ce maƙwabta sun kawo shawarar wani malami. Na ce, "Inna, don girman Allah kada a kai shi ko'ina, kada kuma a bar kowa ya ba shi wani abu ya sha, ko da a shayi ne." Na tashi mai ɗakina ta ƙirgo kuɗin mota daga na albasa, na tura wa yayan Inna da yake Kano, ya yi alkawarin zai je ya ɗauko shi ya kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Na ce in likita ya tambayi ko akwai mai irin wannan a dangi, a faɗa masa mutum biyu, a kuma ba shi lambata. Jibi zan bi motar da ta sauke albasa in tafi, Baffa zai riƙe mini rumfa.